Kalmar Sirri Ɗaya a Wasa da Imel

Tambaya: Malam, ina buga wasannin intanet a wani shagon kwamfuta da ke Aboabo, nan Kumasi, kuma kalmar sirri ɗaya nake sa wa wasan, da Facebook, da imel. Akwai haɗari? Daga wani matashi.

Amsa: Ɗana, akwai haɗari babba, domin idan aka sace bayanan kamfanin wasan, ɓarayi sukan gwada kalmar a wasu shafuka, kuma wanda ya shiga imel ɗinka zai iya canza kalmar sirrin duk asusun da ka buɗe da shi. Kwamfutar shago ma ba abar yarda ba ce, saboda akwai manhajoji, har da ƙaramar na'ura da ake maƙalawa tsakanin kibod da kwamfuta, masu naɗe duk harafin da aka danna. Saboda haka imel kam, a wayarka kaɗai za ka riƙa buɗe shi.

Ka ba kowane asusu tasa kalmar, wadda ta kai haruffa 12 ko fiye. A ganina tsawo ya fi cusa alamomi amfani. Ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da ake turo wa wayarka, kafin a shiga asusun. Lambar sirrinka ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuwa, kada ta zama shekarar haihuwarka.