Tambayoyin Masu Karatu: Haɗa hotuna da launi don ganin yadda fumfuna ke yaɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina binciken kammala digiri kan fumfunar da ke kama gyada a ajiya. Na shuka ta a farantin gwaji, ina ɗaukar hotonta da waya duk bayan awa 12, yanzu ina da hotuna goma. Ina son in haɗa su wuri guda, kowane lokaci da launinsa, don a ga yadda ta yaɗu. Na gwada a manhajar Fiji, sai tsakiyar ta fito fari fat, launi kaɗan a baki-baki. Ina kuskuren yake?
— Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin zaɓi manhajar da ta dace. Fiji kyauta ce, an gina ta a kan ImageJ da Wayne Rasband ya ƙirƙira a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka a 1997, kuma umarnin Temporal-Color Code da ke ƙarƙashin Image, sannan Hyperstacks, don wannan aikin aka yi shi.

Ga dalilin farin. Umarnin yana shafa wa kowane hoto launinsa, ya jera su a kan juna, sannan a kowane ɗigo ya ɗauki mafi hasken ja, da mafi hasken kore, da mafi hasken shuɗi. Tsakiyar fumfunar tana cikin hotunan goma duka, don haka launuka ukun suka taru a kanta, su kuwa idan suka cika fari suke bayarwa. Maganin shi ne ki bar wa manhajar zanen gefen fumfunar kaɗai.

Ki sa wa hotunan lamba 01 zuwa 10, ki shigo da su ta File, Import, Image Sequence, ki mayar da su 8-bit, wato hotuna marasa launi. Da Image, Adjust, Threshold ki ware fumfunar daga abincin da take ci, ki danna Apply. Daga nan Process, Binary, Fill Holes, sai Outline. Kowane hoto zai koma siririn zobe. Idan ya yi siriri da yawa, Dilate sau ɗaya ko biyu ya isa. Ki tabbata zoben fari ne a kan baƙi, in ba haka ba ki juya da Edit, Invert. Yanzu ki sake kunna Temporal-Color Code, za ki ga zobba goma, wani cikin wani, kamar da'irorin da ke jikin yankakken icce. Inda tazara ta yi faɗi, nan ta yi saurin girma.

Wajen zaɓen jerin launuka, Spectrum ya fi dacewa da hotuna goma. Fire da baƙi yake farawa, zoben farko zai ɓace miki. Kada ki manta da sandar launi mai nuna lokaci, domin ba tare da ita ba mai dubawa ba zai san wane zobe ne ya riga wani ba.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki tun wajen ɗaukar hoto yake faruwa. Idan wayar ta gusa ko da kaɗan, zobban za su ratsa juna, a ga kamar fumfunar ta girma ta gefe ɗaya alhali hannunki ne ya motsa. Ki kafa wayar a kan maƙali, ki zana wa farantin mazauni a kan teburi, ki kulle hasken kyamara da saitin nisanta, ki yi amfani da fitila guda maimakon hasken taga. Hotunan da kika riga kika ɗauka, umarnin Linear Stack Alignment with SIFT zai daidaita su, ki zaɓi Rigid, kuma ki yi hakan kafin Threshold.

Don auna girman da milimita, ki ja layi a faɗin farantin, wanda galibi milimita 90 ne, ki shigar da adadin a Analyze, Set Scale. Idan murfin ya yi gumi, kada ki buɗe shi a sarari don neman hoto mai kyau, shaƙar ƙurar fumfunar gyada na da haɗari. Ki riƙa ajiye farantin a kife, gumin zai ragu.