Amsa ga mai son binciken leza da likwid kiristal a Kano

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka tambaya ko za ka iya yin aikin digirinka na biyu a nan Kano kan yadda hasken leza ke sauya halin likwid kiristal, wato abin da ke kwarara kamar ruwa amma ƙwayoyinsa na da tsari kamar na kiristal, ba tare da manyan na'urori ba. Za ka iya, in Allah ya yarda. Na yi irin aikin a ɗakin gwaji a cikin garin nan, kuma tun kafin maganar kuɗi, zafi nake so ka fara tunani a kai.

Abin da ya sa aikin bai fi ƙarfinmu ba shi ne halin kayan. Gilashi ko ruwa sai an danna musu haske mai tsananin ƙarfi kafin a ga wani sauyi. Shi kuwa nau'in likwid kiristal da ake kira nematik, ƙwayoyinsa dogaye ne, duk sun fuskanci gefe guda kamar tsinken ashana a kwali, kuma ba su da wuyar juyawa. Hasken ne ke juya su, juyawar kuma ta sauya yadda hasken ke ratsawa. A wajen 1980 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna girman wannan abu, a 1981 kuma Durbin da Arakelian da Shen suka yi bayanin zobban haske da ke fitowa. Ka tattara hasken da lens, wato gilashin tattara haske, a kan samfurin, wato ɗan ruwan da aka sa tsakanin gilasai biyu, ka kafa farar takarda a baya, sai ka ga ɗigon ya buɗe sannu a hankali, zobe na haifar zobe. Ƙirga zobban kaɗai ya isa ka auna girman sauyin.

To ga matsalar. Kusan duk takardar da za ka karanta wani nematik mai suna 5CB aka yi amfani da shi, wanda George Gray da abokan aikinsa suka haɗa a Jami'ar Hull ta Ingila a 1972. Da zafi ya wuce digiri 35 a ma'aunin Selsiyos, ya daina zama likwid kiristal. A Afrilun Kano, in wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, kana kallo ruwan da ke fari-fari da safe zai koma garau kafin azahar, zobba su ɓace. Ko bai kai 35 ba, in ya matso kusa alƙalumanka rawa za su yi ta yi. Shawarata ka nemi wani nematik ɗin mai suna E7, wanda ke riƙe halinsa har kusan digiri 60. Ka manna ma'aunin zafi a jikin gilashin samfurin, kana rubuta abin da ya nuna tare da kowane awo.

Zafin ma yana ɓad da kama. In ka zuba ɗan rini, kamar yadda masani Jánossy ya nuna a farkon shekarun 1990, ƙarfin lezar da kake buƙata zai iya raguwa har ninki ɗari, abin da ke da daɗi ga mai ƙaramin aljihu. Sai dai rinin na shan haske yana ɗumama wurin, ɗumin kuma shi ma yana fitar da zobba. Don rarrabewa, in ƙwayoyin a tsaye suke kan gilashin, ka ɗan karkata samfurin, sannan ka juya folaraizeshan ɗin hasken, wato gefen da igiyar hasken ke kaɗawa, da digiri 90. Zobban da juyawar ƙwayoyi ta haifar za su kusan ɓacewa, abin da ya saura yawanci na zafi ne. Ka duba sauri ma: a samfuri mai kaurin maikron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, juyawa kan ɗauki daƙiƙoƙi, na zafi kuwa nan take yake. Duk rahoton da bai yi wannan gwajin ba, ni ban cika yarda da shi ba.

Lokacin hunturu sanyin zai taimake ka, amma hazo ba ya barin gilashi. Ka wanke gilasan da sinadarin wanki asiton, ka rufe nan da nan, ka ɗiga ruwan a bakin gilasan biyu ka bar shi ya tsotsu da kansa.

Don Allah ka kula da idanunka. Koriyar lezar nan mai araha, kiristal ne a cikinta ke mai da haske mai tsawon zango nanomita 1064 zuwa kore mai 532, kuma da yawansu suna sakin hasken infrared ɗin da ido ba ya gani. Ka sayi tabarau da ke kare ido daga duka biyun, koren da infrared ɗin, kada kuma ka sunkuya idonka ya zo daidai da tsayin hasken.