Malam-buɗe-littafi a atamfa da katin biki: son halittu ne?

Malama, kin tambaya ko yawan hoton malam-buɗe-littafi a atamfa, zanin gado da katin ɗaurin aure na nuna mutanen Legas na ƙaunar halittu. A ganina, ado ne ya fi yawa.

Ki leƙa Shomolu, inda masu ɗab'i suka yi dandazo. Yaron shago zai buɗe kwamfuta, ya sauko da hoto daga intanet, ya manna a kusurwar kati. Shuɗin nan mai ƙyalli da ake yawan sawa ɗan dazukan Kudancin Amurka ne, ba ya tashi a nan. Alhali Najeriya na da nau'in malam-buɗe-littafi fiye da 1,000.

Mai ruwan lemo da baƙin gefe da ɗigon fari, wanda muka sani tun a Arewa, a ganyen tumfafiya yake ƙwai. Tsutsarsa na cin ganyen, dafin ya zauna a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamar sa. To, matar da ta sayo turmi mai zanensa a kasuwar Balogun, in ta ga tsutsa a bishiyar lemon gidanta a Agege, feshi za ta yi mata nan take, ba ta san gobe ita ma wani malam-buɗe-littafin za ta zama ba. Ban ga laifinta ba, wa ya taɓa nuna mata?

In kina son yara su ga masu rai, ki kai su Lekki Conservation Centre, dajin da aka keɓe tun 1990. Ku je da hantsi, sai rana ta ɗumama suke fitowa.