Amsa ga ɗan'uwa na Kano kan Hausar zango da Turanci

Malam, tambayarka ta iso mu Kumasi, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Ka ce ka saurari samarin unguwar Aboabo ta Kumasi da na Nima ta Accra suna hira, rabi Turanci, rabi Hausar da ake ce wa mace "ya zo", har kake tantamar ko mu Hausawa ne har yanzu. Abin da ka ji haka yake. A zangunan Ghana "yarinya ya tafi" ake cewa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Amma tunda Turanci ka ɗora wa laifin, bari mu dubi asalinsa, don abin da ya same mu ya riga ya same shi.

Turanci kansa baƙo ne a Ingila. A ƙarni na 5 ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro da shi daga arewacin Jamus da Denmak. A wancan tsohon Turancin kowane suna yana da jinsi: namiji, ko mace, ko wanda ba namiji ba mace ba. Rana mace ce, wata namiji, daidai yadda Bakano yake faɗa. Daga shekarar 793 mayaƙan teku na Sikandinebiya suka fara kawo hari, daga baya suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, suka kama noma, suka auri 'yan gari. Harsunan biyu dangin juna ne, tushen kalmomi kusan ɗaya, a ƙarshen kalma aka fi samun bambanci. Sai aka riƙa sakin ƙarshen don a fahimci juna a kasuwa da tsakar gida. Masana da yawa suna ganin wannan zaman tare na cikin abin da ya kashe jinsin suna, kuma daga arewar ya fara ɓacewa. Hatta "they" da "them" da "their" na baƙin ne. A 1066 kuma William na Nomandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya riƙe fada da kotu kusan shekara 300. Shi ya sa saniya a garke "cow" ce, idan ta hau teburin sarki ta zama "beef". Duk da wannan, ba wanda ya ce wa mutumin Landan ya daina zama ɗan Ingila.

Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su Salaga da ke arewacin Ghana, yaƙin basasar 1892 ya watsa su zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra. Wasu kuma aikin soja ya kawo su a zamanin Turawa. Galibi maza ne, sai suka auri matan Dagomba da Gwanja da Asante da Ga. A Twi, harshen Asante, kalma ɗaya ce ke nufin shi da ita, haka ma a Dagbani, harshen Dagomba, kuma a bakin uwa yaro yake ɗaukar magana. Ga Mosi da Zabarma da Kotokoli da Wangara, duk Hausa ta zame musu harshen zango. Nan "ta" ta faɗi. Turanci ba shi da hannu a ciki, don shi yana nan da "he" da "she", har mai Twi kan yi tuntuɓe a kansu.

Batun auren nan yana mana ciwo idan aka yi mana gori da shi. Aure ne da waliyyi da sadaki da shaidu, a yanka ragon suna ranar bakwai. Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi, mu ta wajen uba, saboda haka ɗan Bahaushe da 'yar Asante gida biyu gare shi, kowanne na cewa nasa ne. A 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi marasa takarda, zanguna suka yi kuka, an ce mu ba 'yan ƙasa ba ne. Ya yi mana nauyi a ce a gida ma hakan za a faɗa.

Aro kuwa kowa ya yi. Asibiti, likita, kotu, soja, kwabo, direba, duk Turanci ne da Kano ta sa wa riga, kamar yadda Damagaram ta ɗauki lakwal, wato makaranta, daga Faransanci. Mu ma an ara a wurinmu: waakye da Ghana take alfahari da shi wake ne, koose ƙosai ne, tuo zaafi tuwo ne mai zafi.

Inda Turanci ya cuce mu da gaske rubutu ne. Haruffansa 26, sautukansa kusan 44. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster ta Landan, a 1476, lokacin da furucin wasula yake cikin sauyawa, sai rubutu ya tsaya cik, baki ya wuce. Da can ana furta k ɗin "knife" da gh ɗin "night". B ɗin "debt" kuwa ba a taɓa furta ta a Turanci ba, masu ƙaunar Latin suka cusa ta. Da wannan ƙa'idar yaronmu yake koyon karatu, domin Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnatin Ghana ke koyarwa a makarantu. Idan ya zo rubuta harshensa sai ka ga "chikin" a maimakon cikin, "zongo" a maimakon zango. Wannan giɓin littafin Hausa ne maganinsa, kuma a wurinku yake.

Kuskuren Turanci kuma da mu da ku kusan tushe ɗaya, wato ɗora shi a kan ginin Hausa. Da yake "ara" da "ari" tushe ɗaya ne, sai a ce "borrow me", alhali mai bayarwa "lend" yake yi. Da yake muna jin wari, sai a ce "I hear smell". Mai cewa "I am coming" yana ficewa, ina zuwa yake nufi, Bature kuwa "I will be back" ya sani. A furuci ku kukan musanya p da f, ku mai da th s ko z, mu nan t ko d, a ƙarshen kalma ma f. Wanda ya fi haɗari shi ne amsar tambayar korewa. Likita ya ce "Didn't you take the medicine?", Bahaushe ya ce "yes" yana nufin e, ban sha ba, likita ya rubuta an sha. A Turanci amsa tana bin abin da ya faru ne: idan ba a sha ba "no" ce, ko yaya aka jera tambayar. A asibiti ko a gaban alƙali gara a cika jimlar, a ce "No, I did not take it".