Ajiye dalmar nan tukuna

Kai yaro, ajiye dalmar nan tukuna. Tambayarka na ji ta tun da safe, na yi shiru ne don ta fama mini wani tsohon miki. Ka ce wani saurayi ya kawo agogon aljihun kakansa, ya ga irinsa a waya an mayar da shi na hannu, shi ma yana so, kai kuma kana tambaya ko ka liƙa wa gidan kunnuwa biyu ka zura fata a wuce wurin. An yi hakan a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, lokacin da sojan da ke cikin rami riƙe da bindiga ba shi da hannun laluben aljihu. Amma ƙananan agogo aka yi wa, kuma ba gadon kowa ba ne.

Miƙo shi in gani. Elgin ne, ƙirar Amurka, girmansa lamba 16 a ma'aunin agogo. Injin kaɗai faɗinsa milimita 43 ne, kafin a zo maganar gida. A siririn hannun yaron nan zai zama kamar an ɗaura masa murfin gwangwani. Lamba 12, mai milimita 40 ba kaɗan, ita ta fi zama a hannu, amma ku yaran yanzu abu in bai yi girman da za a hango shi daga tsallaken titi ba, ba ku ɗauke shi agogo ba.

Dubi inda kan da ake wana shi yake. Yana saman 12, ƙaramin hannun sakan yana 6. Da irin mai murfi ne, wanda ake latsawa ya buɗe, da kansa yana 3 sakan yana 6, shi ne ke faɗawa gidan agogon hannu ba gardama. Wannan kuwa in ka juya shi don kan ya koma 3, to 12 ta bi shi can, sakan ya koma 9, mai shi ya riƙa karkata wuya kamar ƙadangare kafin ya san ko azahar ta yi. Ko dai ka bar kan a sama tsakanin kunnuwa, ko a yi sabuwar fuska a adana tsohuwar. Akwai masu yanke ƙafafun fuskar, su karya sandar sakan, su manna da gam. Ranar da na ga ka yi haka, ka ɗauki takalmanka.

Wanki da sa mai ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya shekara uku a bencin nan bai san a saki babban sifirin kafin a kwance inji ba, gara ya koma sayar da katin waya.

Abin da ya sa na yi shiru shi ne wani dillali. A 2011 ne, shekarar da zinariya ta yi tashin gwauron zabi har oza ɗaya ta haura dala 1,800. Duk wanda ke da tsohon agogo mai gidan zinariya sai ya nufi maƙera, a narke gidan, a bar inji tsirara. Mutumin nan ya zo da babbar riga sai ƙamshi yake, ya kwance hankici, ga inji Elgin lamba 16 irin mai murfi, duwatsu 17 masu rage gogayya a cikinsa, fuskar tangaran fara tas ba tsaga ko ɗaya. Na tambaye shi gidan. Ya ce ya ɓace a rabon gado. Na san ƙarya yake, don sukurorin da ke riƙe inji da gida sabon karce ne a kansu, amma kyan injin ya rufe mini ido. Ya ce wani alhaji ne ke so a mayar masa na hannu, ko nawa ne zai biya. Muka yi ciniki naira dubu 45. Na nemi kafin alƙalami, ya ce haba Baba, tsakaninmu? Na ji kunyar rigar na ƙyale shi.

Da na zauna aiki sai na tuna abin da na sani tun ina kamarka. Agogon Suwizalan, sandar da ake wana shi da ita a jikin inji take, ƙaramin sukuru ke riƙe ta. Yawancin na Amurka kuwa a wuyan gida take zaune, cikin wani ɗan bututu mai baki kamar sifirin, shi ke riƙe ta a ciki in za a wana, ya riƙe ta a waje in za a saita lokaci. Ka ga wanda ya narke gidan ya tafi da sandar da bututun duka. Inji a hannuna, ba abin wanawa, hannayen kuma sun tsaya a saiti. Sai da na fere sabuwar sanda da hannuna, na yi mata kusurwa huɗu daidai ramin, na lalata biyu kafin ta uku ta zauna. Gidan kuma wajen masu fere ƙarfe na kai, na tsaya a kansu kwana biyu da ma'auni, ƙarfen da ba ya tsatsa, da kuɗina. Gilashi da kuɗina, fata da kuɗina. Mako uku ban taɓa aikin kowa ba.

Ranar da ya zo karɓa na gaya masa, kamar yadda za ka gaya wa saurayin nan: wannan agogo an yi shi ne ya zauna a aljihu, tufa tana tare masa bugu. Bakin sandar balans ɗinsa, ƙaramar tayar nan mai kai da komo da ke daidaita tafiyar agogo, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ɗan fin gashin kai kaɗan, kuma ba abin da ke kare shi. Ƙaramin sifirin ɗin nan da kake gani bisa dutsen balans na agogon zamani, irin su Incabloc, sai bayan 1930 ya fito. Na ce masa kada a hau babur da shi, kada a yi alwala da shi, kada a tafa. Ya ce ya ji. Zai kai wa alhaji ya gani, ya dawo da kuɗi bayan la'asar. Ina kallonsa ya ɗaura a hannunsa ya tare ɗan acaɓa.

Bayan kwana huɗu ya dawo yana ɗaga murya a gaban maƙwabta, wai na ba shi mataccen agogo na kunyata shi. Na sa gilashi a ido, na hura balans, ya yi rawa gefe da gefe kamar tayar keke da ta kwance. Bakin ƙasa ya karye. A jikin gidan ga lotsawa sabuwa ful wajen 9. Na nuna masa, ya ce shi bai san wannan ba.

Nan ne na yi wautar da har yau nake jin ta a maƙogwaro. Kamfanin Elgin ya daina ƙera agogo tun 1968, ba kantin da za ka shiga ka ce a ba ka sandar balans. Amma ina da nawa Elgin ɗin, lamba 16, wanda maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ba ni ranar da ya sallame ni. Don kada a ce a layin nan aikina ya mutu cikin kwana huɗu, na cire balans ɗinsa ɗungurungum da siririn gashinsa na dasa wa na dillali. Kwana biyar ina saita shi, a kwance, a kife, da kai ƙasa yadda hannu ke rataye, don shi asalinsa da kai sama aka daidaita shi. Ya zo ya karɓa da murmushi, ya ce yanzu zai dawo. Yau shekara nawa ke nan?

Kuɗin ma da na haƙura. Bayan kamar shekara biyu, a wajen ɗaurin aure, na hango shi a hannun wani attajiri. Ai ko cikin duhu na san ferewar hannuna. Na gaishe shi, na yaba agogon. Ya ji daɗi, ya ce ai a Dubai aka yi masa aikin, wani Bature ne gwani, irin wannan ba a iya shi a ƙasar nan. Ya faɗi abin da ya biya, ya ninka cinikinmu fiye da goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Na buɗe baki zan ce a kwance bayan a ga alamata, sai na tuna ban sa ba. Sauri ya hana ni. Na ce masa Allah ya sa alheri, na koma tabarmata, har aka shafa fatiha ban ji abin da liman ya ce ba.

Saboda haka je ka kira saurayin. Ya zo da babansa ko kawunsa, don agogon gado ba na mutum ɗaya ba ne, ba na son gobe a zo mini da ƙara. Wuta ba za ta taɓa tsohon gidan ba. Za a naɗe shi da sarƙarsa a damƙa musu a gaban shaida, duk ranar da yayin ya wuce sukuru biyu ne inji ya koma ɗakinsa. Sabon gida za mu yi, kai a sama. Rabin kuɗi a hannu kafin ka taɓa magagari, ko da rawani ya zo. In ya ce zai hau babur da shi, mayar masa da abinsa ya je ya sayi na batir. In an gama, ni zan karce alamar shagon nan a cikin murfin baya, ba kai ba, rubutunka kamar tafiyar kaza.

Buɗe durowar ƙasa, akwai gwangwanin alewa a can ƙurya. Elgin ɗin maigidana ne a ciki. Da shi za ka ɗauki awon gidan, kada ka riƙa jagwalgwala na mutane. Ka riƙe shi ta gefe, kuma kada ka wana shi, ba abin da zai motsa.