Attack on Titan: In Ƙarasa Zangon Ƙarshe Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kalli Attack on Titan, shirin zane na Japan (anime), har ƙarshen zango na uku, inda su Eren, tauraron shirin, suka isa bakin teku. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa ba a taɓa yin anime kamarsa ba, wasu na cewa zangon ƙarshe ya zubar da komai. Ina ƙarfinsa yake, ina kuma rauninsa? Sannan ƙanena ɗan shekara 11 ya matsa sai mun riƙa kallo tare.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ƙarasa, amma ka shirya, domin abin da ke gabanka ba irin wanda ka baro ba ne, kuma nan ne rigimar abokanka ta samo asali.

Ka tuna yadda aka faro a 2013. Mutane sun maƙale a bayan ganuwa uku, Maria da Rose da Sina, kowacce tsayin mita 50, a waje kuma ga ƙatti masu cin mutane. Rana ɗaya wani mai mita 60 ya leƙo ta saman ganuwa, kafin kashi na farko ya ƙare an cinye mahaifiyar Eren a kan idonsa. A lokacin kowa ya san waye dodo. Gwanintar Hajime Isayama, wanda ya zana labarin daga 2009 zuwa 2021 cikin littattafai 34, ita ce ya bar ka ka saki jiki da wannan sanin, sannan ya riƙa zare maka shi a hankali. Da aka buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan su Eren, sai ta bayyana cewa ƙattin nan mutane ne, kuma 'yan'uwansu ne na jini, maƙiyin gaske yana ƙetaren teku. In ka koma zango na farko yanzu za ka ga alamun a warwatse, a kallon da wani ya yi, a maganar da wani ya haɗiye. Marubucin ya san inda ya nufa tun daga ƙofar gida, abin da ba kasafai ake samu a dogon shiri ba.

Faɗan ma yana da ƙa'ida. Ƙato ba ya mutuwa sai an sare masa ƙeya, iskar gas ɗin da ke cilla soja sama tana ƙarewa, takobi yana dakushewa. Shi ya sa ranar da kwamanda Erwin ya ja sababbin sojoji a kan dawakai suka tunkari ruwan duwatsun da wani ƙato ke jifan su da shi don gwarzon sojansa Levi ya samu hanyar kai wa ƙaton, ka ji abin a ƙirjinka. Ka san ba wani sihiri da zai sauko ya cece su. Ka haɗa da kiɗan Hiroyuki Sawano da zanen hannu na kamfanin Wit Studio, sai abin ya kai maƙura.

To, zangon ƙarshe yana buɗewa ne bayan shekara huɗu, a ƙasar Marley, cikin yaran da aka raina a kan cewa mutanen bayan ganuwa shaiɗanu ne. Za ka haɗu da wata yarinya Gabi, za ka tsane ta, daga baya ka gane Eren ce ta ɗaya gefen. A ganina wannan ne mafi darajar abin da shirin ya yi, ko da yake masu neman saran ƙeya zalla sun gundura da shi.

Raunin yana nan, ba kaɗan ba. Aikin ya koma hannun kamfanin MAPPA, wanda ya dogara da kwamfuta wajen zana ƙattin, kuma a kashi-kashin farko motsinsu ya yi tauri, launin ma ya dushe. Sai jan rai: zangon da aka kira na ƙarshe ya fara a Disamba 2020, bai ƙare ba sai Nuwamba 2023. Kai dai ka huta, tunda a jere za ka kalla. Mikasa kuma, wadda ta tashi gida ɗaya da Eren, duk da jarumtarta, an bar ta kusan ba ta da wani zance sai Eren, alhali nauyi babba na jiran ta a ƙarshe.

Akwai wanda ya fi damuna. An sa Eldiyawan Marley, wato 'yan ƙabilar su Eren da ke zaune a can, a unguwar da aka killace, da ƙyalle a damtse, wanda ke tuna wa kowa abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Amma a cikin labarin Eldiyawa da gaske suna iya rikiɗa su zama ƙatti, wato tsoron da ake yi musu yana da tushe. Wannan kwatanci ya karkace, kuma masu sukar sa suna da hujja. Ƙarshen kansa an cusa masa bayani da yawa a ƙurarren lokaci, musamman dalilan Eren. Babi na 139, na ƙarshe a littafin, ya tayar da ƙura a Afrilu 2021, har aka gyara hirar Eren da amininsa Armin a shirin talabijin. Ta fi ta littafin zama a rai, sai dai ɗinkin bai ɓuya ba.

Batun ƙanenka kuwa, kada ka yarda. Kasancewarsa zane bai mayar da shi na yara ba. Ana tauna mutane da ransu, ana azabtar da fursuna, ana tattake ƙananan yara, kuma zangon ƙarshe ya fi na baya muni ta wannan fuska. Ka bari ya kai shekara 16 ko 17 tukuna. Kai kuma kashi 28 ne suka rage maka, sai dogaye biyu na 2023.