Me Ya Sa Awo Ya Hau a Tsakiyar Kwarin Binuwai?

Ɗana, ka ce tunda yashi da laka ba su kai dutsen gindi, wato tsohon dutse mai tauri da ke ƙarƙashinsu, nauyi ba, me ya sa taswirar awon ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ta nuna hawa a tsakiyar kwarin Binuwai, wurin da ya kamata jibgin yashi da laka ya fi kauri? Har kana zargin na'ura.

Bar na'ura, ba ta da laifi. Ita tana jin jan duk abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ne, na kusa da na can ƙasa, ta haɗe su ta ba ka lamba ɗaya. Dutsen gindi irin namu na Zariya, kamar na Kufena, ana lissafa shi a giram 2.67 a kowace santimita kubik, daskararren yashi da laka kuwa galibi ba sa kai haka. Da a ce kwarin rami ne kawai da ya cike, da awo ya faɗi a tsakiya kamar yadda ka zata. Amma ba haka Binuwai ya samu ba. Sama da shekara miliyan 100 da suka shige, sa'ad da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, ɓawon ƙasa ya miƙe ya yi siriri a wurin, kamar fatar da aka ja a bakin ganga. Dutse mai nauyi na ƙasa ya matso sama, narkakken dutse ya kutsa tsagogi ya daskare. Su ke ɗaga maka awo a tsakiya, gefe da gefe kuma ya sauka.

Shi ya sa ba na yarda yaro ya kawo mini taswira ɗaya ya ce ya gane kwari. Lamba ɗaya tana iya fitowa daga ƙaramin abu a kusa ko babban abu a nesa. Ɗauko awon maganaɗisu na jirgin sama da Hukumar Binciken Ma'adanai ta Ƙasa ke da shi, wanda aka yi layi-layi da tazarar mita 500, ka ɗora a kai. Yashi da laka kusan shiru suke wa maganaɗisu, dutsen gindi ne ke magana. Inda zane ya yi tsini-tsini a cunkushe, gindin na kusa. Inda ya kwanta ya yi faɗi, ya nutse. Dogayen layukan da suka nufi arewa maso gabas kuwa, karaya ce, ita ta shata kwarin. Ka dai kula, ƙasarmu na kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka dutse mai ƙarfin maganaɗisu yakan fito a matsayin faɗuwa. Wannan ya ruɗa mutane da yawa.

Awon amsa-kuwwa, wato sesmik, shi ke fito da shimfiɗun dutse ɗaya bayan ɗaya, amma tsada gare shi. Waɗancan biyun, awon ja da na maganaɗisu, ke nuna inda za a shimfiɗa layinsa, rijiya kuma ta yanke hukunci, kamar ta Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ba da sanarwar samun mai a 2019.

Gobe in ka fita da na'urar awon ja, tsayin wuri za ka fi sa wa ido, don kowace mita da ka hau, awo na raguwa da kusan miligal 0.3 (miligal shi ne ma'aunin wannan ja). Kuma ka riƙa komawa tashar farko duk bayan awa biyu ka sake karantawa, saboda waya mai lanƙwasa da ke cikin na'urar tana saki a hankali.